Kawu Lasifika da Matar da Ta Tsaya a Bakin Ƙofa

A unguwarmu in ka ce Kawu Lasifika, ko akuya ta san wanda kake nufi. Shi ne mai gidan kallon da ke manne da injin niƙa, daf da layin dogon da jirgi ya daɗe da mantawa da shi. Gidan kallon ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da labulen buhu a ƙofa, da bencinan da ƙusoshinsu suka ci wandunan rabin samarin gari, har da nawa. A gaba akwai talabijin cikin kejin ƙarfe, kamar wadda ta yi laifi. Gabanta kuma wata doguwar kujera, inda Kawu ke zama ya ba mu baya, riƙe da makirufon da aka naɗe wa wuya da baƙin salatif.

Sana'arsa fassarar fim ce, kai tsaye, fim na tafiya yana magana. Sai dai Kawu ba ya jin yaren kowa a duniya sai namu. Bakin mutum yake kallo, da idonsa, da yadda ya riƙe kafaɗa, sai ya zuba masa maganar da ya ga ta dace da shi. Akta zai buɗe baki sau ɗaya ya rufe, Kawu ya ce, “Ya ce, kai bos, gishiri aka aike ka sayowa, ka tsaya kana dukan mutane a hanya?” Ɗaki ya ɗauki ihu. Wata rana wani ɗan makaranta ya ɗaga hannu kamar yana aji ya ce, “Kawu, wallahi ba haka ya ce ba.” Kawu ko juyowa bai yi ba, ya ce cikin makirufo, “To haka ya kamata ya ce.” Tun daga ranar babu wanda ya sake yi masa gyara.

Ni dai na gwada makaranta, na gwada gareji, na gwada tallan gilashin waya, babu wanda ya riƙe ni. Bencin Kawu ne kaɗai bai taɓa korata ba, shi ya sa na san labarinsa.

Matarsa muna ce mata Anti Mai Keke, saboda keken ɗinkinta. Ita Kirista ce, shi Musulmi, kuma a wancan lokacin wannan bai fi a ce shi dogo ne ita gajera ba. A barandar gidan kallon take ɗinki, jikin taga. In ya tayar da janareta sai ya ja mata ƙwan lantarki ɗaya har saman kanta. Tana taka keke tana jin duk abin da yake zubawa a ciki, in abin ya yi yawa sai ta leƙo da allura a baki ta ce, “Mai baki, rage ƙarya, akwai yara.” Ranar Lahadi ya raka ta har ƙofar coci ya dawo, ranar Juma'a ya tarar da rigarsa a goge a kan gado. Allah bai ba su haihuwa ba. Dangi sun yi surutu har suka gaji, su kuwa ko a jikinsu.

Sai rikicin nan ya faru. Ba a garinmu ya fara ba, daga nesa ya taso, baki ya kawo shi kafin mota ta kawo. Ba zan tsaya ba da labarinsa ba, wanda ya gani ba ya son a tuna masa. Da ƙura ta lafa, sai gari ya rabu a kan layin dogo: Kiristoci suka koma tsallake, Musulmin tsallake suka dawo nan. Mutane suka yi ta musayar gidaje kamar yara na musayar hula.

Abin da ya faru a gidan Kawu kuwa, Iya Mai Niƙa ce ta gani da idonta, ita ta faɗa wa duk mai kunne. Yayan Kawu ya zo da wasu maza, suka tsaya a tsakar gida, ya ce Anti ta koma wurin danginta har abubuwa su yi sanyi, don lafiyarta da ta kowa. Anti ta kwance kan kekenta daga jikin ƙafarsa, ta naɗe a zane, ta ɗora a kai. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Ta dubi mijinta ta ce, “Mai baki, in tafi?”

Kawu ya dubi yayansa, ya dubi ƙasa. Mutumin da ke sa wa dawakin fim magana a baki, ranar ko tari bai yi ba. Ta jira. Sannan ta juya ta tafi.

Ƙafar keken ce ta rage a baranda, baƙin ƙarfe da matakinsa da tayarsa, babu kai.

Bai sake ta ba, ita ma ba ta aiko neman takarda ba. Daga ƙofarsa zuwa gidan mahaifiyarta a tsallake, shayi ba zai huce a kofi ba ka isa. Da farko tsoro ne ya hana shi zuwa, kamar kowa. Da tsoro ya wuce sai kunya ta zauna a wurinsa, ita kuwa ba ta da niyyar tashi. Na sha ganinsa da hantsi ya saka rigarsa mai kyau, ya je har bakin dogo, ya tsaya yana kallon ƙarafan nan biyu kamar mai jiran jirgi ya wuce. Sai ya duba aljihu kamar ya manta wani abu, ya dawo.

Ya rufe ɗakinsu na gida, ya dawo kwana a kan benci. Kwanonsa ɗaya, cokalinsa ɗaya, a bayan kejin talabijin yake ajiye su. Rigar Juma'a ta koma fita a yamutse. Kowace safiya kuwa sai ya fito da ɗan gwangwanin mai ya ɗiga wa ƙafar keken nan, ya danna matakin da hannu, tayar ta yi ta juyawa ba ta ɗinka komai. In ka gaishe shi a lokacin, sai ya ce tsatsa ce ba ya so ta ɓata masa baranda.

Ana haka shekaru suka ja. Rannan wani faifai ya shigo cikin kwalin finafinan da ake kawo masa, ba hoto a jiki, ba suna. Wata la'asar aka ɗage wasan ƙwallon da muka taru kallo, Kawu ya zaro shi ya saka don kada mu watse. Sai ga wani ƙauye: masallaci a nan, coci a can, rijiya a tsakani, mata sun kewaye ta da tuluna. Yarensu kamar ana zuba tsakuwa a kwano.

“Kawu, cire! Ba faɗa a ciki!”

“Kawu, ina bos ɗin?”

Bai cire ba. Can sai ya yi gyaran murya ya fara, da wata irin murya da ba mu san yana da ita ba.

Fim ɗin dai ga yadda yake, gwargwadon abin da ido ya gani. Mazan ƙauyen ne suka fara harara da nuna wa juna yatsa, kowane ɓangare yana wasa adda a bayan gida. Matan kuwa rijiyarsu ɗaya, ba yadda za a raba ruwa biyu. Sai suka haɗa baki. Rana ɗaya suka kwashe takalman mazan ƙauyen kaf, na ƙofar masallaci da na ƙarƙashin gado, suka zuba a buhu ɗaya suka juye a bakin rijiya. Ƙasar wurin kuwa duk ƙaya ce. Maza suka fito da zafinsu suna ɗingishi, ƙarshe dai ga su zaune a ƙasa wuri ɗaya, wannan na miƙa wa wancan wari, wancan na cewa ba nasa ba ne. Mun yi dariya har da bugun benci.

Shugabar matan wata ƙatuwar mace ce mai faɗin kafaɗa. Ko kaɗan ba ta yi kama da Anti ba, Anti 'yar siririya ce kamar zaren da take ɗinki da shi. Amma da matar nan ta juya ta yi wa mijinta magana, sai muka ji Kawu ya ce, “Ta ce, mai baki, rage ƙarya, akwai yara.” Tsofaffin 'yan benci muka dubi juna. Daga nan duk abin da matar ta buɗe baki, maganar Anti ce ke fitowa: yadda take yi wa mai gawayi tsiya, yadda take cewa namiji in yunwa ta kama shi sai ya ce addininsa aka taɓa, har da waɗansu maganganu masu taushi da ba a baranda aka yi su ba.

Daf da ƙarshe, matar ta sami saɓani da mijinta. Ta ƙulle kayanta ta ɗora a kai, ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta waiwayo. Mijin ya buɗe baki. Nan faifan ya maƙale.

Kawu ya ciro shi ya goge da riga. Ya huhhura masa iska. Daga baya har man goge baki ya shafa masa, wai wani ya ce yana cike inda faifai ya karce. A banza. Kullum a nan yake tsayawa: mace a ƙofa da kaya a kai, namiji da baki a buɗe. To shi Kawu ba ya barin mutum da baki a buɗe. Ya gyara zama ya ce:

“Ya ce, kada ki tafi. Ya ce, sauke kayan nan, wuyanki zai yi ciwo. Ya ce, gidan nan naki ne, ke kika zaɓi launin labulensa. Duk wanda ya ga zamanki ya dame shi, ga hanya nan, ko da yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya.”

Na ce, “Kawu, wane yaya kuma? Mu ba mu ga yaya a fim ɗin nan ba.”

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ci gaba da magana da hoton da ba ya motsi, har dariyar ta mutu da kanta, kowa ya fara neman inda zai ajiye idonsa.

Tun daga ranar, kowace la'asar fim ɗin matan rijiya ne. Samari suka yi ƙorafi, suka gaji, suka koma gidan kallon bakin tasha. Wata rana mu uku ne a ciki, wata rana ni da wani kare da ke son inuwar. Kawu bai damu ba. Ya hau tsani ya juya lasifikar waje ta fuskanci tsallaken dogo, wai ta nan iska ta fi kyau. Amma tsakanin ƙarar injin niƙa da hayaniyar masu babura, muryarsa ko dogon ba ta kaiwa.

Bango ɗaya ne tsakaninsa da Iya Mai Niƙa. Iya tsohuwa ce mai gari har a gira, bakinta kuma ya fi injinta kaifi. Rannan ta kashe inji ta ɗaga labule ta leƙo.

“Kai yaro, wa kake yi wa wa'azi kullum? Bango?”

“Fim nake fassarawa, Iya.”

“Fim ɗin gidanku. Ni za ka yi wa wayo? Ina tsaye a wurin ranar da aka ɗinke maka baki.”

Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara salatif ɗin da ba abin da ya same shi.

Ga wani abu da mu maza ba mu lura da shi ba. Injin Iya shi kaɗai ne a duk yankin. Maza sun raba gari, sun ce kowa ya tsaya ɓangarensa, amma ba wanda ya ce zai ci hatsi ɗanye. Don haka matan tsallake ba su taɓa daina zuwa niƙa ba. Suna jera robobinsu a layi ɗaya da na matan nan, mai gyale da mai sarƙar gicciye, suna faɗa a kan wadda ta riga wata. Iya ta ɗauki sabon hali: da an kusa wurin ƙofar nan a fim, sai ta kashe inji ta ce ya yi zafi, a bar shi ya huta. Sai muryar Kawu ta cika layin.

Wata daga tsallake ta dafe ƙirji ta ce, “Ke, wannan ai maganar Mai Keke ce!”

Wata ta nan ta ce, “Ashe ba ni kaɗai na ji ba.”

Kafin wani lokaci sun fara barin robobi su riƙe musu layi, su shigo su cika bencin baya. Gidan kallon da mace ba ta taɓa takawa ba ya koma warin gari da kukan goyo. A wurin takalma su yi ta shewa, wannan ta ce da a nan ne takalmin mijinta shi kaɗai zai kori kowa daga bakin rijiya. A wurin ƙofa kuwa su yi tsit. Sannan su ɗauki garinsu su tsallaka, da labari a samansa.

Wata la'asar ina zaune sai na ga labule ya motsa. Iya ce ta fara shigowa, ta zare mana ido ta ɗora yatsa a baki. Bayanta Anti Mai Keke. Ta ƙara ramewa, ta fara sa tabarau, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. A hannunta 'yar roba ce da hatsin da bai isa kaza ta karya kumallo ba. Mata suka matsa mata, ba ta zauna ba. Ta jingina da bango.

Kawu bai sani ba, ya ba mu baya kamar kullum. Ya yi rijiya, ya yi takalma, ya yi rage ƙarya akwai yara. Na saci kallon Anti, fuskarta ba ta ce komai ba, sai robar da take juyawa a hannu. Faifai ya zo ya maƙale. Kawu ya gyara zama ya fara: kada ki tafi, sauke kayan nan, ko da yayana ne. Ya kai ƙarshe.

Daga bayan ɗaki sai Anti ta ce, “Ba haka ka ce ba.”

Makirufon ya zame ya bugi kejin, lasifika ta yi wata ƙara har goyo ya farka. Kawu ya juyo. Ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Bakinsa a buɗe, daidai da na mutumin da ke cikin talabijin a bayansa. Na ce a raina, shi ke nan, zai sake maimaitawa. Iya ta yi tsaki mai tsawo.

Ya lalubo makirufon ya kai baki. Muryarsa ta fito ta cikin ɗaki da ta waje gaba ɗaya.

“Haka ya kamata in ce.”

Ba wanda ya yi dariya. Anti ta gyara tabarau.

“Ka cika gari da maganata, Mai baki. Har abin da na faɗa maka mu biyu, yau a bakin masu niƙa nake jin sa. Dogo ne tsakaninmu, ba teku ba. Me ya hana ka tako ka faɗa mini?”

“In babu wannan a hannuna, bakin ba ya tashi.”

“To ajiye shi. Ni ba taron jama'a ba ce.”

Ya ajiye shi a kan kujera a hankali, kamar mai kwantar da jariri. Ya tsaya hannu biyu a sake. Duk dogon jawabin nan da muka haddace saboda maimaici, babu ko ɗaya da ya zo. Abin da ya fito ƙarami ne, sai da na miƙa wuya na ji.

“Ki dawo.”

Anti ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, “Na ji.” Sannan ta ce mahaifiyarta na kwance, ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, kuma ba ta da kowa sai ita. Ta ce ranar da ta tambaye shi, da ya amsa, da ko motar sojoji ba ta fitar da ita daga gidan ba. Yanzu kuwa ba ranar ba ce.

Ta fita baranda, muka bi ta da ido ta taga. Ta tsaya gaban ƙafar kekenta. Ta ɗora ƙafa a kan matakin ta danna. Tayar ta juya sumul, ko ƙis ba ta yi ba. Ta shafa ƙarfen ta dubi yatsanta.

“Man ya yi yawa. Zai ɓata wa mutane yadi.”

Kawu na tsaye a bakin labule, ya ce, “To.”

“Kan keken yana shan wahala a teburin aro. Ka kawo mini ƙafarsa.” Ta ɗauki robarta, hatsin ko niƙa shi ba a yi ba. “Kai da kanka. Ban ce ka aiko yaro ba.”

Washegari da hantsi ya saka rigarsa mai kyau, ya naɗa gammo, aka taya shi ɗora ƙarfen a kai. Na ce in kira masa mai kura, ya ce in kama gabana. Ya tafi yana tangaɗi, matakin na kaɗawa a gefen kunnensa. A bakin dogo ya tsaya. Iya ta kashe inji, layin niƙa gaba ɗaya ya juyo. Da kaya a kai ba damar duba aljihu. Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka na farko, ya tsallaka na biyu, ya shige lungu.

Kafin azahar ya dawo, shi kaɗai, gammon a hannu. Ba wanda ya tambaye shi, shi ma bai ce ba.

Yanzu barandar wayam take, sai tabon tsatsa a siminti inda ƙafafun ƙarfen suka zauna. Yana share wurin kullum, kuma bai yarda a ajiye benci a kai ba. Har yau a gidan kallon yake kwana, kwanonsa ɗaya, cokalinsa ɗaya. Sai dai wani lokaci da safe za ka ga ya sa gwangwanin mai a aljihu ya nufi tsallake, wai ƙarfe ba ya son a manta da shi. Ba ya daɗewa. Yayansa ya daina yi masa magana.

Ya koma saka mana ƙwallo da finafinan faɗa, samari sun fara dawowa. Fim ɗin matan rijiya kuwa sai in masu niƙa sun matsa masa. Yana yin rijiya, yana yin takalma, amma ya cire maganar Anti daga bakin ƙatuwar matar, ya ba ta wata daban wadda ba ta kai waccan daɗi ba. In an zo bakin ƙofa faifai ya maƙale, sai ya kashe makirufo ya ɗora a cinya.

Rannan na kasa haƙuri na ce, “Kawu, wai matar nan ta sauke kayan ko tafiya ta yi?”

Ya dubi hoton, mace a ƙofa, namiji da baki a buɗe.

Ya ce, “Faifan ya tsaya, ɗan nan. Ina zan sani?”